Babi na Shida: Ranar da Ido Ya Zama Mudu

Akwai wani saurayi a bakin layinmu mai sayar da gas ɗin girki. Shagon kwantena ne, da sikeli a ƙofa da manyan tukwane biyu ɗaure da sarƙa. Wani lokaci uwargida ta dame ni da ƙorafin gas ɗinmu ya daina auki, kilo 12.5 da ke kai mu wata guda ya koma ƙarewa a sati uku. Na tafi wurinsa da zafina. Na ce, "Kai ɗan nan, ko dai sikelinka ya fara cin amana ne?" Bai yi mini gardama ba. Cewa ya yi, "Baba, a yi haƙuri, mu je in ga tukunyar." Ya biyo ni gida da kofin roba a hannu, ya kaɗa ruwan omo har ya yi kumfa, ya shafa a wuyan tukunyar, sannan ya bi tiyon yana shafawa a hankali. Dab da inda aka ɗaure shi da murhu, sai ga kumfa ta taso, ta kumbura ta fashe, wata ta biyo bayanta. Ya ce, "Ga ɓarawon nan, Baba." Tsagewar ba ta kai tsawon farce ba, kuma da yake tukunyar a tsakar gida take, iska ce ke kwashe warin kafin wani ya ji.

Warin nan da muke ji a gas ba nasa ba ne, zuba masa shi ake yi da gangan. A shekarar 1937 wata makaranta ta fashe a garin New London na jihar Texas a Amurka, yara da malamai kusan 300 suka rasu, saboda gas ya taru a ƙarƙashin ginin ba wanda ya ji. Bayan nan ne jihar ta yi dokar sa masa wari, sauran duniya ta bi sahu. To amma gas ɗin da ke fitowa daga rijiya a filin mai, kafin ya zo hannun masu sa wari, ba shi da launi ba shi da ƙamshi. Mafi yawansa iskar da ake kira metan ce. Ba ita ce a tukunyar girkinmu ba, wannan dangi ne nata masu nauyi. Metan ita ce ke bin manyan bututai zuwa tashoshin wutar lantarki da masana'antun taki, ita ce kuma ake ɗura wa motocin da aka mayar masu amfani da CNG.

In ta ƙone, ta yi aikinta. In ta kuɓuce zuwa sama ba ta ƙone ba, nan ne matsalar take. A cikin shekara 20 na farko, tan ɗaya na metan yana riƙe zafi kamar tan 80 na iskar kabon da ake yawan magana a kanta. Yawanta a sararin samaniya ya ninka abin da yake kafin zamanin masana'antu fiye da sau biyu da rabi, kuma Hukumar Makamashi ta Duniya ta ɗora mata alhakin kusan kashi 30 cikin 100 na ɗumamar da aka samu. Sai dai ba ta da tsawon rai. Cikin kimanin shekara 12 take narkewa, alhali kabon kan yi ɗaruruwan shekaru. Wato wanda ya toshe yoyon metan yau, shi da kansa zai ga amfanin, ba sai jikokinsa ba.

To nawa ke zuba? Shekara da shekaru, amsar wannan tambaya daga bakin masu gas ɗin take fitowa. Kowane babban kamfani kan buga rahoton ɗorewa a ƙarshen shekara, littafi mai sheƙi da hotunan itatuwa da yara 'yan makaranta, a ciki ya faɗi yawan gurɓatacciyar iskar da ya saki. Yadda ake samo lambar shi ne abin lura. Ba aunawa ake yi ba, lissafi ne. Injiniya zai ƙirga bawul nawa ne a tashar, injin matsa gas nawa, tanki nawa, sai ya buɗe wani jadawali da ke cewa irin wannan bawul kan zubar da kaza a shekara, ya ninka, ya tara. Da yawa daga cikin lambobin jadawalin an samo su ne daga awon da aka yi a Amurka a shekarun 1990, a kan kayan aikin da ke cikin ƙoshin lafiya. Ba sai an yi ƙarya ba kafin lissafin ya kauce. Jadawali bai san an bar murfin tanki a buɗe tun ranar Talata ba. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a Dawanau ya san bambancin mudun mai sayarwa da wanda ka zo da shi daga gida, ko da mai hatsin mutumin kirki ne. A harkar metan, mudu ɗaya ne kawai a kasuwar, kuma a hannun mai kaya yake.

Da masu bincike suka fara zuwa da nasu mudun, sai labari ya sha bamban. Daga 2012 ƙungiyar kare muhalli ta EDF a Amurka ta haɗa jami'o'i da dama, har da wasu kamfanonin mai, aka yi ta awo da motoci da ƙananan jirage. Sakamakon da aka tattara a mujallar Science a 2018 ya nuna harkar mai da gas ta Amurka na zubar da kimanin tan miliyan 13 na metan a shekara, wato ya ɗara lissafin hukumar muhalli ta ƙasar da kusan kashi 60 cikin 100. Kafin nan, a 2016, Adam Brandt na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun gano abin da ya bayyana giɓin: kashi 5 cikin 100 na wuraren da ke yoyo su ne ke zubar da fiye da rabin gas ɗin da ake asara. Sauran duk tsiyaya ce irin ta tiyon gidana. Ashe ba garwashi ne barbaje ko'ina ba, 'yan gobara ne ƙalilan, kuma yau suna nan, gobe suna can. Mai neman su dole ya riƙa duba wuri mai faɗi, a kai a kai.

Dabarar ganin abin da ba ya ganuwa tsohuwa ce. Tun 1859 John Tyndall ya nuna a ɗakin gwajinsa na Landan cewa wasu iskoki, har da gas ɗin kwal da ake kunna fitilu da shi a lokacin, suna shanye hasken zafi, wanda ke can bayan launin ja inda idon mutum ba ya kaiwa. Kowace iska tana da irin zangon hasken da take sha, kamar yadda kowane gari yake da irin tsagarsa. In ka ƙera kyamara da ba ta kallon komai sai zangon da metan ke sha, to duk inda metan take sai ta fito a matsayin inuwa. A 2005 kamfanin FLIR ya fito da irin wannan kyamara da mutum zai iya riƙewa a hannu. Ka tsaya gaban tanki da idonka, shiru kake gani, sama garau. Ka ɗora ido a kyamarar, sai ka ga baƙin hayaƙi na tuƙuƙi daga saman tankin kamar an cinna wa tayoyi wuta. Kafin ita, ma'aikaci kan bi mahaɗar bututu ɗaya bayan ɗaya da 'yar na'urar shinshina, ko da ruwan sabulu, daidai yadda ɗan layinmu ya yi.

Duniya ta ga irin wannan hoto a ƙarshen 2015. A watan Oktoba wata rijiyar ajiyar gas ta fashe a Aliso Canyon, kusa da birnin Los Angeles, ta yi ta amai har watan Fabrairun 2016. Dubban iyalai na unguwar Porter Ranch suka bar gidajensu saboda ciwon kai da haɓo da tashin zuciya. Hoton da aka ɗauka daga sama da kyamarar hasken zafi ya nuna baƙin ginshiƙi na tashi daga kan tsauni, a wurin da ido ke ganin tsauni kawai. Wani masani matuƙin jirgi, Stephen Conley, ya riƙa ratsa iskar da ƙaramin jirginsa ɗauke da ma'auni, aka ƙiyasta abin da ya zuba ya kusa tan dubu 100. Wannan a gefen ɗaya daga cikin manyan biranen Amurka ke nan, inda akwai 'yan jarida da lauyoyi. Tambayar da ta tsaya wa masana a rai ita ce, irin wannan nawa ke faruwa a tsakiyar hamada, inda babu unguwar da za ta yi kuka?

Ranar 13 ga Oktoba, 2017, Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba tauraron ɗan Adam mai suna Sentinel-5P daga Plesetsk a arewacin Rasha. Na'ura ɗaya tal yake ɗauke da ita, TROPOMI, wadda masana da injiniyoyin Holan suka jagoranci ƙera ta. Daga nisan kilomita fiye da 800, tana karɓar hasken ranar da ya sauka ƙasa ya dawo sama, ta rarraba shi zango-zango, ta duba nawa ne ya ɓace a zangon metan. A kowane zagaye tana share faɗin kilomita 2,600, saboda haka kusan kullum sai ta leƙa duk duniya, da misalin ƙarfe ɗaya da rabi na rana a kowane wuri. Amma idonta ba shi da kaifi. Ɗigo ɗaya a hotonta fili ne mai kusan kilomita 5 da rabi a tsaye da 7 a kwance, wanda zai haɗiye unguwanni da yawa na birnin Kano a lokaci guda. Tana iya cewa akwai abu a wannan yanki, ba ta iya nuna ƙofar gidan.

Ba ta gama zama daram ba aiki ya same ta. A watan Fabrairun 2018 wata rijiyar kamfanin XTO, reshen ExxonMobil, ta ɓalle a gundumar Belmont ta jihar Ohio, ta yi kwana 20 tana zuba. Rana ɗaya da gajimare ya yaye, TROPOMI ta kama ta tana fitar da kimanin tan 120 a awa guda. Da aka tara, rijiya ɗaya cikin kwana 20 ta fitar da fiye da abin da harkar mai da gas ta wasu ƙasashen Turai ke bayar da rahoto a shekara. A farkon 2019 kuma, wani ƙaramin tauraro na kamfanin GHGSat na Kanada, mai ganin fili ƙanƙane amma da ido mai kaifi, yana duban wasu duwatsun taɓo masu aman gas a yammacin Turkumenistan, sai ga wata doguwar jelar metan a gefen hoton. Da aka bi sawunta, sai ta kai ga tashar matsa gas ta Korpezhe. Aka koma tsofaffin hotunan TROPOMI, aka tarar ta daɗe tana yi. Daga nan aka samu tsarin aikin da ake bi har yau: mai faɗin gani ya yi nuni, mai kaifin ido ya je ya tantance.

Sai wata matsalar ta taso, ta yawan arziki. Miliyoyin awo ke saukowa kullum, kuma babu ofishin da ke da ma'aikatan da za su zauna suna duba su ɗaya-ɗaya. Nan koyon na'ura ya shigo. Ana yawan yi wa wannan fanni kirari kamar tsafi ne, alhali abin da masanan cibiyar SRON ta Holan suka yi bai wuce irin tarbiyyar da ake yi wa yaron shago ba. Suka yanka hotunan gunduwa-gunduwa, mutane suka zauna suka ware: wannan jelar gas ce, wannan ba ita ba ce. Aka riƙa nuna wa manhajar tana cinka, in ta kuskure a gyara mata, har ta kama siffar abin: wuri mai kauri a tushe, yana sirancewa yana bajewa yadda hayaƙin murhu ke yi in iska ta ja shi. Ba wanda ya rubuta mata dokar yadda jela take. Daga yawan gani ta ɗauka, kamar yadda dillalin shanu ke gane lafiyayyen sa tun daga nesa, ko da ba zai iya zayyana maka dalili ba. Sannan aka ɗora mata mataki na biyu mai bincike: shin jelar ta bi inda iska ta nufa a ranar? Ko kuwa ta bi gefen gajimare ne, ko bakin tafki, ko farin gishirin ƙasa? Da aka sake ta a kan hotunan 2021, ta zaƙulo jela 2,974. Ba duka na mai da gas ba ne. Akwai ma'adinan kwal, akwai kuma manyan jujin birane, irin na Delhi da Mumbai da Lahore da Buenos Aires, inda shara ke ruɓewa tana fitar da metan.

Yaron shago dai abin da aka nuna masa ya sani. Manhajar da ta koyi aiki a kan hotunan farar hamada tana iya rikicewa in an kai ta ƙasa mai duhu da ciyayi da ruwa. Takan ga jela inda babu, takan kuma tsallake wadda ke nan. Shi ya sa har yanzu sai ƙwararre ya duba da idonsa kafin a tuhumi kowa, domin ɗora wa kamfani ko ƙasa laifin da ba ta yi ba sau ɗaya ya isa ya zubar da mutuncin aikin gaba ɗaya. Kuma ganin jela daban, sanin nauyinta daban. Kafin a ce tan kaza a awa, sai an san gudun iska a wurin a daidai lokacin, wanda galibi daga lissafin masu hasashen yanayi ake aro shi. In iskar ta kauce, lambar ta kauce.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Kamfanoni sun riƙe rabin farko na maganar, kuma suna da gaskiyarsu: wa ya auna mai awon? Amsar da aka bayar ita ce ta fi burge ni a duk labarin nan, don aikin injiniya ne tsantsa, babu ado. A 2021 Evan Sherwin da Brandt da tawagarsu ta Stanford suka kai tankar gas cikin hamadar Arizona, suka haɗa ta da bututu da mita mai auna abin da ke fita daidai wa daida. Duk sa'ar da tauraro zai gifta, sai su buɗe gas ɗin gwargwadon da suka ga dama, wani lokaci da yawa, wani lokaci kaɗan, wani lokaci ma su rufe ruf. Ba su faɗa wa kowa ba. Ƙungiyoyin da ke nazarin hotunan, kowa a ƙasarsa, suka aiko da abin da suka gani, sannan aka buɗe littafi aka gwada. Manyan zuba an kama su, kuma ƙiyasin bai yi nisa da gaskiya ba. Ƙananan sun sha kuɓucewa. Akwai irin wannan filin jarrabawa na dindindin a Jami'ar Jihar Colorado, da wani na kamfanin TotalEnergies a Lacq ta Faransa, inda ake kawo na'urorin ƙasa da jirage marasa matuƙa a ɓoye musu yoyo a ce su nemo. Mudun mai saye ma sai an kai shi gaban sarkin awo.

Wani abin ma tsintuwa aka yi. A watan Yulin 2022 hukumar NASA ta maƙala wata na'ura mai suna EMIT a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Aikinta ƙura ne. An ƙera ta ne ta tantance ma'adinan da ke cikin ƙasar hamadun duniya, wuraren da ƙura ke tasowa, irin kwarin Bodele na arewacin Chadi, wanda hazonsa ke rufe mana rana da hunturu har jirage su kasa sauka a Kano. Sai ya zamana zangon hasken da take karantawa ya haɗa da na metan. Kafin ƙarshen Oktoban shekarar ta nuna manyan wuraren zuba fiye da 50, ciki har da jela 12 a kusa da garin Hazar na Turkumenistan, wasunsu sun zarce kilomita 30. An aiki mutum kallon ƙura, ya dawo da sunayen ɓarayi.

Haka kuma awo ya taɓa wata lamba da kowa ya daɗe da amincewa da ita. In rijiyar mai ta fito da gas kuma babu bututun kwashe shi, akan ƙone shi a saman dogon ƙarfe. A takarda, wutar nan tana cinye kashi 98 cikin 100 na metan. Masanan Jami'ar Michigan suka bi ɗaruruwan irin waɗannan wutace da jirgi a manyan filayen mai uku na Amurka, suka buga a 2022 cewa abin da ake ƙonewa a zahiri bai fi kashi 91 ba, domin wasu wutar ba ta ci sosai, wasu kuma a mace suke gas na fita ɗanye. Tsakanin 98 da 91 kamar babu nisa, amma juya lissafin: abin da ke tsira ya tashi daga 2 zuwa 9, kusan ninki biyar.

Wannan magana ta shafi Najeriya kai tsaye. Tun 1979 aka yi dokar da ta sa watan Janairun 1984 a matsayin ranar daina ƙona gas a Neja Delta, kuma har yau ƙasar na cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona shi a duniya. Wutar kam ana ganinta. Na'urar VIIRS, wadda aka fara harbawa a 2011, tana ɗaukar hasken wuta da dare, kuma da bayananta ne Bankin Duniya ke fitar da ƙiyasinsa na shekara-shekara, hukumar NOSDRA ma ta gina shafin bibiyar ƙona gas a kansu. Amma ɗanyen metan da ke fita ba wuta, wannan sai da hasken rana, da sama mai haske, da ƙasar da ke mayar da haske. Neja Delta kuwa gajimare ne mafi yawan shekara, ƙasan kuma fadama da dazuzzuka da teku, ruwa kuma shanye wannan haske yake yi. Saboda haka in ka ga taswirar manyan wuraren zuba ta cika da ɗigo a Turkumenistan da Aljeriya da Iran, ta yi fari fat a gaɓar tekun Gini, kada ka yi saurin yi wa kowa barka. Wani farin na rashin laifi ne, wani na rashin gani. A irin wuraren nan dole a sauko ƙasa: kyamarar hannu, jirgi mara matuƙi, na'urorin da ake kafawa a shingen tasha suna shinshina dare da rana. Duk waɗannan kuwa sai mai tashar ya buɗe ƙofa.

Alkawura dai an sha su. A Glasgow a 2021 ƙasashe fiye da 100, da Najeriya a ciki, suka amince a rage metan na duniya da kashi 30 cikin 100 kafin 2030. A Dubai a 2023 kamfanonin mai 50, har da NNPC, suka sa hannu cewa za su kai zubar metan kusa da sifili a wannan wa'adi. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta kafa wani tsari mai suna MARS: tauraro ya gani, manhaja ta ware, ƙwararre ya tabbatar, sai a aika wa gwamnati da kamfani saƙo da taswira, ga wuri kaza, ga rana, ga ƙiyasin abin da ke fita. Injiniyoyi sun gama nasu. A rahoton da aka gabatar a Baku a watan Nuwamban 2024, an aika saƙo fiye da 1,200, waɗanda aka amsa kuwa kashi 1 ne cikin 100. Cikin 'yan ƙalilan da aka amsa akwai na Aljeriya, wanda ya shafe shekaru yana zuba, da wani a Najeriya da aka toshe cikin ƙasa da mako biyu ta hanyar sauya kayan da suka lalace.

Ni a ganina wannan kashi 1 ya fi duk sauran lambobin babin nan nauyi. Ɗan layinmu da ya nuna mini kumfa, a take na miƙa kuɗin sabon tiyo, don gas ɗin nawa ne, aljihuna ke yoyo. A filin mai ba kullum haka take ba. A 2024 Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na metan da harkar mai da gas da kwal ke zubarwa ana iya tare shi ba tare da asarar ko sisi ba, don gas ɗin da aka tare zai biya kuɗin gyara. Amma wannan sai inda akwai bututun da zai kai shi kasuwa. Inda babu, gas ɗin shara ne a idon mai haƙar mai. Wani wurin kuma mai rijiya daban, mai bututu daban, mai gas ɗin daban, kowa na jiran wani. Wani wurin saƙon kan faɗa teburin jami'in da ba shi da mota ko hurumin shiga tashar. Babu manhajar da za a koya wa maganin wannan.

Abin da ya fara motsa kamfanoni shi ne mai saye. Dokar metan ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a watan Agustan 2024, ta tanadi cewa daga 2027 sabbin kwangilolin shigo da mai da gas sai sun zo da shaidar awo da tantancewa daidai da wadda ake nema daga kamfanonin Turai, daga 2030 kuma za a sa iyaka ga yawan metan da kaya zai zo da shi. Ana ta matsa wa Turai lamba ta sassauta. Duk da haka, ƙasar da ke loda jiragen gas daga Bonny zuwa Sifen da Fotugal da Faransa ba ta da zaɓin cewa abin bai shafe ta ba. Idanun da ke sama ma ba dawwamammu ba ne. MethaneSAT, tauraron da ƙungiyar EDF ta harba a watan Maris na 2024 a kan kuɗi kimanin dala miliyan 88, ya yi shiru a watan Yunin 2025, bai kai shekara ɗaya da rabi yana aiki ba.

Mu a nan arewa mun saba jin labarin gas daga nesa, amma yana matsowa. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, tsawonsa kilomita 614 ne, da tashoshin bawul a kan hanya, kuma metan ce zai ɗauka. A Nijar, rijiyoyin Agadem suna tsakiyar irin farin yashin da taurarin nan suka fi gani da kyau. Ƙasarmu da rani buɗaɗɗiya ce, in ban da kwanakin da hazo ya yi kauri. Bayanan TROPOMI kyauta ne ga duk mai intanet, haka ma jerin wuraren da MARS ta gano. Ɗalibin injiniya a Zariya ko Kano ko Damagaram da ke neman abin da zai yi aikin kammala digiri a kai, ga shi nan: ya sauke hotunan hanyar bututun tun yanzu, ya san yadda samanta take, don ranar da wata jela ta ɓullo ya zama akwai ɗan gida da zai gane ta.